A Dubi Masu Zubin Tagulla na Cikin Gidaje a Sakkwato

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wata sana'a da ba kasafai ake ganin ta a shafukan jaridu ba, wato zubin tagulla da ake yi a ƙananan maƙeru na cikin gidaje a nan Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da ita.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin murnar da na ga an yi, kuma murnar ta dace, sa'ad da ƙasashen Turai suka fara dawo da kayan tagulla da sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Benin a 1897. Jamus ta miƙa kashin farko nata a Abuja a watan Disamba na 2022, Holan kuma ta dawo da guda 119 a 2025. An yi ta rubuce-rubuce a kan gwanintar waɗanda suka zuba kayan nan, da ta mutanen Igbo-Ukwu, wani gari a ƙasar Ibo, da suka riga su tun wajen ƙarni na 9 zuwa na 10. Sai dai wanda ya karanta zai ɗauka cewa zubin tagulla abu ne na kudu kuma na tarihi, wanda ba shi da mazauni sai gidan adana kayan tarihi. Alhali kuwa a cikin garin nan, a bayan ɗakuna da cikin zauruka, akwai mutanen da har yau suke hura wuta su narkar da jan ƙarfe su zuba shi, su ci abinci da abin da suka samu. Ni ɗaya ne daga cikinsu, ina da 'yar maƙera a bayan gidana. Maganar da nake so ta isa kunnen hukuma da na abokan sana'ata ita ce, hannu bai ɓace mana ba, amma yawancinmu ba mu san abin da muke jefawa cikin kaskon narki ba, kuma muna narkar da shi ne a inda 'ya'yanmu suke wasa.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Lokacin da Ibn Baɗuɗa ya sauka Takedda a 1353, a yankin da yanzu yake cikin Jamhuriyar Nijar, ya tarar ana narkar da jan ƙarfe ana zuba shi sanduna-sanduna, kuma ya ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai shi. Kuza kuwa, wadda ita ce abokiyar haɗin jan ƙarfe wajen yin tagulla, an daɗe ana narkar da ita a Riruwai ta ƙasar Kano kafin Turawa su buɗe ma'adinan Jos. Ke nan kayan haɗin biyu duka sun ratsa kasuwanninmu tun kafin a kafa birnin Sakkwato. Maƙeran fari, waɗanda aikinsu ya bambanta da na maƙeran baƙi masu garma da lauje, su ne suka riƙa yi wa mata munduwa da zobba, su yi wa dawaki likkafa da ƙararrawa da adon linzami, su yi wa takubba ƙota. Unguwar Maƙera Assada ta yi suna da ƙira tun da daɗewa, kuma duk wanda ya kalli hawan Sallah da idon mai sana'a zai ga aikin zubi a jikin dawakin hakimai. Na san akwai masu ƙyamar sana'ar domin da zarar an ce tagulla sai mutum-mutumi ya faɗo musu a rai. Malamanmu sun yi bayani a kan ƙera siffar mai rai, mu kuma masu bi ne, kuma babu abin da ya haɗa likkafa ko ƙararrawar makaranta ko hannun ƙofa da wannan mas'ala.

Bari in ɗan bayyana yadda aikin yake, domin mai karatu ya san girman abin da nake roƙo a kiyaye. Tsohuwar hanya ita ce ta kakin zuma. Mai zubi yakan siffanta abin da yake so da kaki, da duk zane da ƙawar da zai ɗauka, sa'an nan ya liƙa masa wani siririn kaki wanda zai zama hanyar da ruwan ƙarfe zai bi, da wani ƙarami wanda iska za ta fita ta cikinsa. A Sakkwato wannan mataki yana da tasa wahala, domin kaki yana narkewa ne a wajen digiri 63 na ma'aunin salshiyas, amma tun kafin nan ya saki jiki, kuma a bazara, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, zanen da ka yi da hantsi zai iya shafewa a hannunka kafin azahar. Shi ya sa ake aikin kaki bayan sallar asuba, da kwanon ruwan randa a gefe, ana tsoma shi a kai a kai. Bayan haka sai a shafe kakin da yumɓu mai laushi ƙwarai wanda aka tankaɗe aka cuɗa da garin gawayi, domin wannan shafi na farko shi ne zai ɗauki kowane layi na zanen. Idan ya sha iska sai a ƙara wani mai kauri, wanda aka haɗa da kashin jaki ko ɓuntun shinkafa. Hikimar wannan haɗi ita ce idan wuta ta ci su sukan bar ƙananan ƙofofi a jikin yumɓun, waɗanda iska mai zafi za ta bi ta fice maimakon ta maƙale cikin ƙarfen. A inuwa ake shanya mazubin, wato wannan yumɓu da ya lulluɓe kakin, kuma da hunturu har rufe shi ake yi da tsumma, domin iskar hunturu tana busar da bayansa kafin cikinsa, sai ya tsage.

Idan ya bushe sarai sai a kifa shi a kan wuta kakin ya tsiyaye, a ci gaba da gasa shi har ya yi ja, domin kada ɗigon kaki ko laima ya rage a ciki. A daidai wannan lokaci ƙarfe yana narkewa a murhu. Akwai lissafin da kowane mai zubi ya kamata ya riƙe: tagulla ta fi kaki nauyi kusan sau 9, saboda haka kakin da ya auna giram 100 yana bukatar ƙarfe wajen giram 900, sa'an nan a ƙara na hanya da na abin da za a kwashe tare da datti, ya tasam ma kilo guda ko fiye. Wanda ya yi ƙwauron ƙarfe zai fasa mazubi ya tarar da rabin ƙararrawa, kuma babu gyara, domin kakin ya tafi, mazubin kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Zubin kansa ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. An binne mazubin cikin busasshen yashi har wuya, an ɗago kasko da awartaki, an kwashe kashin da ke saman ruwan, sai a karkata a zuba da zubi ɗaya ba tare da tsayawa ba, har ruwan ya cika bakin hanya ya tsaya yana ƙyalli. Aikin mako biyu ko uku yana rataye a kan wannan karkatawa. Sauran aikin na guduma ne da zarto da magagari da goge-goge.

Hanya ta biyu, wadda ta fi yawa yanzu, ita ce ta yashi, irin wadda masu tukwanen alminiyam suke bi: akwati biyu na katako, yashi mai ɗan yumɓu da 'yar laima, a danna samfurin a ciki, a barbaɗa toka tsakanin akwatunan domin kada su manne, a cire samfurin a zuba ƙarfe a gurbinsa. A nan ne amfanin sana'ar yake ga wanda bai damu da adon doki ba. Manoman fadama na Wurno da Goronyo da Kware suna rayuwa ne a kan injin ban-ruwa, kowace unguwa kuma tana da injin niƙa, kuma a cikin injuna da yawa akwai bushin na tagulla wanda sandar ƙarfe ke juyawa a cikinsa. An zaɓi tagulla ne domin ita za ta cinye a hankali ta bar sandar lafiya, kuma ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Idan bushin ya cinye a tsakiyar lokacin ban-ruwan albasa, aka rasa irinsa a kasuwa, mai zubi zai iya zuba wani a yini ɗaya, ya ɗan ƙara masa girma domin tagulla takan tsuke da kusan kashi 1.5 cikin 100 idan ta huce, mai injin sassaƙar ƙarfe kuma ya daidaita shi. Wannan hidima ce ta gaske, kuma ita ce take riƙe da yawancin maƙerun da suka rage.

Yanzu sai in zo kan abin da ya fi damuna. Tagulla ta asali haɗin jan ƙarfe ce da kuza, kusan kashi 88 da kashi 12. Jan ƙarfe shi kaɗai sai ya kai digiri 1,085 yake narkewa, kuza kuwa a digiri 232, kuma idan aka haɗa su sai a sami ƙarfen da ke narkewa a wajen digiri 950 zuwa 1,000, mai gudu cikin mazubi, mai ƙarfi, mai daɗin amo idan aka buga shi. Ana fara narkar da jan ƙarfen ne a ƙarƙashin rufin gawayi, domin idan ya sha iska yakan fito da ramuka kamar soso, sa'an nan a saka kuza daga ƙarshe, a motsa, a zuba ba tare da ɓata lokaci ba. To amma wane ne a cikinmu yake samun jan ƙarfe tsantsa da kuza tsantsa? Abin da muke saye a hannun 'yan gwangwan tarkace ne: kawunan famfo, tsofaffin bawul, makullai, lagireton mota, guntayen waya, kwanson harsashi wani lokaci. Yawancin waɗannan ba su da kuza ko kaɗan, haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, wato ƙarfen da Turawa ke kira zinc, kuma masana'antun da suka yi su sukan ƙara musu dalma, wato irin wadda ke cikin batirin mota, kashi 2 ko 3 cikin 100, domin su yi sauƙin yankawa a inji. Wasu bawul ɗin dalmarsu ta kai kashi 5. Tsohon lagireto kuwa da dalma aka liƙe shi. Maganaɗisu zai fitar maka da baƙin ƙarfe daga tarin, magagari zai nuna maka launin ciki, ja ne ko ruwan ɗorawa, amma babu ido ko hannun da zai gaya maka yawan dalmar da ke ciki.

Illar wannan jahilci ta fara ne daga kan aikin. Ɗan guntun alminiyam da ya ɓuya cikin tarkace ya isa ya ɓata kasko guda, ƙarfen ya fito da yana a fuska da raunin da ba a gani sai an ɗora masa nauyi. Ƙararrawar da dalma ta yi wa yawa ba ta da amo. Bushin da aka zuba da kan famfo ba zai yi ƙarkon na tagulla mai kuza ba, manomi kuma ba zai ce ƙarfen ne ba shi da kyau ba, zai ce aikin gida ne ba shi da kyau, ya koma jiran na waje. Haka sunan sana'a yake zubewa ba tare da mai ita ya san dalili ba.

Illar da ta fi wannan ita ce ta lafiya. Tutiya tana tafasa a digiri 907, ƙasa da zafin da ake bukata kafin a zuba ƙarfen, saboda haka da zarar kasko ya yi zafi sosai sai ka ga wuta mai kore-kore da farin hayaƙi mai kauri yana tashi, yana barin farin gari a bakin murhu. Wanda ya shaƙi wannan hayaƙi ba ya jin komai nan take. Sai dare ya yi zazzaɓi ya rufe shi, da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi da ɗanɗanon ƙarfe a baki, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma ya warware. Da yawa daga cikinmu suna ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne su sayi magani, wasu kuma sun yi imani cewa kofin madara ko nono bayan aiki yana wanke hayaƙin. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, hayaƙin kuwa huhu ya shiga.

Dalma ta fi tutiya sharri domin ita ba ta yin gargaɗi. Tana fita cikin hayaƙi, tana kuma cikin garin da magagari da injin gogewa suke zubarwa, garin nan kuma yana sauka a ƙasa, a kan tabarma, a jikin riga, a kan kwanon abinci da aka kawo wa maigida wurin aiki. Babba yana iya ɗaukar shekaru kafin ya ga alama, amma yaro mai rarrafe, wanda komai ya taɓa sai ya kai baki, jikinsa ya fi na babba saurin shan dalma, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta gyaruwa. Mai ciki ma tana iya miƙa ta ga abin da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Mu a wannan yanki ba ma bukatar a ba mu labari, domin a 2010 maƙwabtanmu na Zamfara, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sun rasa yara aƙalla 400 saboda gubar dalma, kuma abin da ya kai gubar ga yaran shi ne an shigo da duwatsun zinariya cikin gidaje ana daka su ana niƙa su a tsakar gida. Ba na cewa maƙerar zubi ta kai wancan haɗari, domin dalmar da ke cikin duwatsun can ta fi ta kan famfo nesa ba kusa ba. Amma hanyar ɗaya ce: sana'a mai ƙura ta shigo inda ake girki da reno. Kuma ina roƙon abokan sana'ata da babbar murya, kada wanda ya sake zuba cokali ko ludayi ko kofi ko wani abin da zai taɓa abinci da tarkacen da bai san asalinsu ba, haka nan abin wuya ko munduwar da za a sa wa jariri ya riƙa tsotsa.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce mai raunata mutum nan take. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700, kuma idan hakan ya faru a ƙarƙashin narkakken ƙarfe, ƙarfen ne zai tashi sama. Na ga wannan da idona a maƙerar wani abokin sana'a da damina. Yaronsa ya ɗauko kan famfo daga tarin da ruwan sama ya doka kwana biyu kafin nan, bayansa a bushe ƙayau, amma a cikin lungunsa akwai ruwan da bai fi cikin cokali ba. Yana jefa shi cikin kasko sai muka ji ƙara kamar ta bindiga, ɗigon ƙarfe ya watsu har kwanon rufi, ɗaya kuma ya faɗa tsakanin ƙafar yaron da silifas ɗin roba da yake sanye da shi, robar ta narke ta manne da fata. Allah ya kiyaye idanunsa, amma ya daɗe yana jinyar ƙafar. Ƙa'idar ba ta da wuya: duk abin da zai shiga kasko ko ya taɓa ruwan ƙarfe, tarkace ne ko awartaki ko abin kwashe datti, sai an ɗora shi a bakin murhu ya yi zafi tukuna. Ba a zubi a kan daɓen siminti, domin siminti yana riƙe laima kuma yana fashewa ya yi tsartuwa, a kan busasshen yashi ake yi. Kaskon ma abin dubawa ne. Saboda tsadar kaskon girafait, wato kaskon narki na musamman mai jure zafi, da yawa suna yanka tsohuwar tukunyar gas ko bututun ƙarfe su yi narki a ciki. Wannan yana iya yin aiki wajen narkar da alminiyam, wanda ke narkewa a digiri 660, amma ruwan jan ƙarfe yana cin baƙin ƙarfe, yana ɓata haɗin, yana kuma siranta gindin tukunyar a hankali har ranar da za ta ɓule a daidai lokacin da aka ɗago ta sama da ƙafafun mutane.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kayan kariyar da muka fi bukata a garinmu ake yin su. Sakkwato da ta yi suna a duniya da fata, mai majema da dukawa a unguwanni da yawa, bai kamata a ce mai zubinta yana tsaye gaban wuta da rigar leda da silifas ba. Kakanninmu da walki suke ƙira, kuma sun san abin da suke yi, domin fata ba ta narkewa ta manne da jiki. Walkin fatar shanu mai kauri, da safar hannu doguwa, da rufaffen takalmi wanda wando zai sauko ya rufe bakinsa, da tufafin auduga, duk ana iya samun su ba tare da an fita gari ba. Abin da za a saya daga waje shi ne gilashin kare fuska da takunkumi mai tace ƙura da hayaƙin ƙarfe, domin na ƙyalle ba ya tare su.

Dole kuma in faɗi wata magana ko da za ta yi wa wasu ɗaci. Jan ƙarfe ya yi tsada a duniya, tan guda ya haura dala 10,000 a 2021 da kuma 2024, kuma wannan tsada ce take sa ɓata-gari suna yanke wayoyin lantarki suna farfasa taransifoma, unguwa ta kwana cikin duhu wata da watanni. Mai zubin da ya sayi sabuwar waya mai kauri a hannun yaron da ba ya iya faɗin inda ya samo ta ya san abin da ya saya, kuma shari'a da addini duka ba su ba shi uzuri ba. Ƙona robar waya domin a fitar da jan ƙarfen ma ya kamata a daina, domin baƙin hayaƙin nan guba ne ga duk unguwa, alhali wuƙa tana feɗe ta.

Da jin wannan duka, wani zai ce to a hana zubi a cikin gari a huta. Ba na goyon bayan haka, kuma ina da dalili. Sana'ar tana raye ne domin tana gida: ba a biyan haya, yaro yana tashi yana gani, dattijon da ƙarfinsa ya ragu yana iya zama ya yi aikin kaki yana gyara wa matasa. Ranar da aka ce kowa ya tattara ya koma bayan gari da kuɗinsa, rabi za su bari, sauran kuma za su koma yi a ɓoye cikin rufaffen ɗaki, inda hayaƙin zai fi yi musu illa. Abin da ya dace shi ne a raba aikin gida biyu. Kaki da yumɓu da shirya yashi babu laifi su zauna a gida. Narki da gogewa su ne ya kamata su fita daga tsakar gida, ko dai zuwa wani keɓaɓɓen wuri mai iska wanda yara da mata masu ciki ba sa shiga, a bar kayan aiki a can a yi wanka kafin a shiga cikin iyali, ko kuma zuwa rumfa ta haɗin gwiwa. A nan ne nake roƙon ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu su ware fili kusa da unguwannin masu sana'a, a yi rumfa mai buɗaɗɗen gefe da daɓen yashi da murhu mai murfi da bututun hayaƙi, a sa kasko na gaske, masu zubi su riƙa karɓa-karɓa suna biyan kuɗin gawayi. Murhu mai murfi yana rage cin gawayi ƙwarai, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a jihar da hamada ke matsowa, inda gawayin ƙirya da maƙera suka fi so yake ƙara wuyar samu. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe tana aiki a kan murhun girki mai tsimin itace, kuma ina da yaƙinin cewa idan ta juyo da hankalinta ga murhun narki za ta fitar da wanda magini na gari zai iya ginawa da yumɓunmu.

Babban roƙona kuwa yana kan sanin ƙarfe. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙarfe, cikin daƙiƙoƙi ta nuna yawan jan ƙarfe da kuza da tutiya da dalmar da ke cikinsa. Ta fi ƙarfin aljihun mai zubi ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin makaranta ko ma'aikata ba. Da a ce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko jami'a za ta tanadi guda ɗaya, ta ware rana ɗaya a mako da mai sana'a zai kawo samfurin ƙarfensa a gwada masa da kuɗi kaɗan, da an ga canji a aikinmu cikin ɗan lokaci. Da ita za a iya tace tarkace, a narkar da kowane iri daban, a zuba shi sanduna a buga masa alama: wannan na bushin ne, wannan na ƙararrawa, wannan ba shi da dalma ana iya yin kayan abinci da shi. Kuza tana nan a Filato, kuma idan masu zubi suka haɗa kuɗi suka sayo ta tare za ta yi musu sauƙi. Ɗaliban injiniya ma za su amfana, domin abin da suke karantawa a littafi game da tsukewar ƙarfe da hanyar iska, akwai dattijon da bai shiga aji ba wanda zai nuna musu shi da hannu. Ma'aikatar lafiya kuma ta taimaka da gwajin jinin yaran gidajen da ake narki, cikin mutunci ba da sigar kame ba, domin idan mutane suka ji tsoro ɓoye yaran za su yi.

Jagorancin wannan aiki a hannun Sarkin Maƙera da dattawan sana'a ya kamata ya kasance, da albarkar fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, domin mai zubi ya fi jin maganar wanda ya san zafin wuta. Bida ta riƙe masu aikin tagullarta har UNESCO ta sa ta cikin biranen fasahar hannu a 2021, kuma ba na ganin akwai abin da ya hana mu fara namu tun daga rubuta sunayen waɗanda suka rage da irin aikin da kowa ya iya, aikin da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ta fi kowa cancantar yi.

Malam Edita, idan jaridarka za ta turo wakili ya ga yadda ake yi kafin ta ɗauki maganata, ƙofarmu a buɗe take. Ya zo da sassafe ranar zubi, da tufafin auduga da rufaffen takalmi, za mu ba shi walki ya tsaya ta inda iska ke fitowa.

Wassalam.

Naka,
Wani mai sana'ar zubin tagulla,
Sakkwato.